Gidan Likita Ya Fito da Harafin G

Gidan da mutanen ƙauyen Vaurelle suka kwashe lokacin sanyi suna gyarawa domin likita ya faɗi a awon makamashi, wato awon yawan wutar da gida ke ci kafin ya yi ɗumi. Ya fito da harafin G, na ƙarshe a jerin da ya fara daga A, kuma tun farkon shekarar 2025 doka ta hana a ƙulla sabuwar haya a kan gida mai wannan harafi. Saboda haka ba a sa hannu a yarjejeniyar da aka shirya ba. Dakta Ilinca Dobre, wadda aka sa ran za ta tare bayan bikin Ista, tana nan a birnin Limoges ita da ɗanta, kayansu a cikin kwalaye.

An yi awon ne wata Talata cikin watan Maris, a tsohon gidan malamin makaranta da ke bayan coci. Ghislaine Tixier ce ta buɗe ƙofa. Ita ce magajiyar garin, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, ta haura sittin da 'yan kai. Tun da tsohon likitan ƙauyen ya yi ritaya ya koma bakin teku take neman wanda zai gaje shi. Ta rataya ƙyalle a bakin hanya mai cewa ana neman likita, ruwa ya wanke rubutun, ta sa aka yi wani. Ta je tarurruka a garin Guéret ta sha kofi mai sanyi ta dawo. A tsakanin nan motarta ce motar asibiti. Duk wanda sukarinsa ya hau, ko ƙafarsa ta kumbura, ko maganinsa ya ƙare, lambarta yake kira, ita kuma ta ɗauke shi su bi hanyar daji mai kwana-kwana zuwa ga likitan da zai yarda ya gan shi. Kujerar bayan motar ta daɗe da ɗaukar warin man zafi.

Dakta Dobre 'yar Romaniya ce, tana aiki a wani asibiti a Limoges, kuma tana son barin birni saboda ɗanta mai asma. Ta zo ƙauyen sau ɗaya a ƙarshen kaka. Ta duba ɗakin da za ta riƙa ganin marasa lafiya, ta duba gidan, ta kafa sharaɗi guda: a ba ta gidan haya da takarda, kada a ce aro ne ko kyauta. Ta taɓa zama a gidan kyauta a wani gari, aka yi zaɓe, sabon magajin gari ya ce yana bukatar gidansa.

Ghislaine ta ce babu matsala. Daga nan ƙauyen ya shiga gayya.

Kowace Asabar ana taruwa da safe, a tashi in tukunyar miyar kabeji ta ƙare. A wannan yanki kowane gida yana da kaka magini, kuma kowane rumbu yana da ragowar kayan wani gini da aka yi shekarun baya. Wani ya kawo tayil, wani ya kawo taga mai gilashi biyu da ya cire daga gidan surukarsa, wani ya kawo naɗi-naɗin audugar nan mai kauri da ake shimfiɗawa a saman silin domin ta riƙe ɗumi. Babu wanda ya nemi a biya shi, don haka babu wanda ya kawo rasit. Shugaban aikin, ba tare da kowa ya naɗa shi ba, shi ne Fernand Jarrigeon, magini mai shekara kusan tamanin, wanda ya san Ghislaine tun tana rarrafe kuma har yau bai daina kiranta Gigi ba.

Abubuwa biyu ne suka tsaya wa masu gayyar a rai. Na farko murhun itace na baƙin ƙarfe da ke tsakiyar falo, wanda ya baƙanta bango har sama. Mata suka ce likita ba za ta dawo daga aiki ta hau faskare ba, balle ga yaro mai asma. Aka fitar da murhun aka ba ƙungiyar mafarauta, suka kai bukkarsu ta daji. Fernand ya toshe bututun hayaƙin da siminti, majalisar ƙauye ta sayi hita ta lantarki mai ɗumama ɗaki fara tas aka liƙa a kowane ɗaki. Na biyu kuwa ƙofar hawa saman silin, wani katako da ya lanƙwashe a saman farfajiyar cikin gida da ke tsakanin ɗakuna. Fernand ya ce shi ba zai bari baƙuwa ta riƙa ɗaga kai tana ganin wannan abin kunya ba. Ya cire katakon, ya rufe wurin, ya yi masa yaɓe, ya goge, ya sake gogewa, aka bi da fenti. Bayan ya gama ya kira mutane ɗaya bayan ɗaya su nuna inda ƙofar take. Babu wanda ya gane. An sha ruwan inabi a kan haka.

Da aka sa ranar awo, Ghislaine ta kunna dukan hitocin tun daren Lahadi. Ta ga ai baƙo za a yi, kuma baƙon ɗumi ya zo dubawa.

Mai awon, Yannick Brunaud, ya iso da farar mota da tsani a samanta. Mutum ne siriri, idonsa ya faɗa, da alama wannan ba shi ne gidansa na farko ba a ranar. Yana shiga falo ya tsaya, ya zare rigar sanyinsa, ya zare ta ciki ma.

"Madam, burodi kuke gasawa a nan?"

"Mun ce ka ji da jikinka. Gidan nan yana riƙe ɗumi."

"Na ji, har na fara zufa." Ya ajiye jakarsa a kan tebur. "Amma ku kashe, don Allah. Ba na auna zafin ɗaki. Ko ƙanƙara ce a nan ko tanda, lissafin ɗaya ne."

"To me kake aunawa?"

"Bango, rufi, tagogi, da abin da ake ɗumama gidan da shi. Ni in shigar, kwamfuta ta fitar da harafi. Kowa ni yake zagi, alhali ni ɗan aike ne."

Ghislaine ta bi ɗakunan tana kashe hita. Tana jin sa yana ƙwanƙwasa bango, yana auna tsawo da wata 'yar na'ura mai jan haske, yana kunna ashana kusa da gilashin taga yana ƙirga inuwar wutar don ya san gilashi nawa ne. Tagogin sun yi masa. Bangon dutse ne tsirara a bayan filasta, ya rubuta haka. A falo ya tsaya a gaban wurin da aka yi sabon fenti.

"Da murhu a nan?"

"Da akwai. Wani tsohon abu, duk hayaƙi. Mun fitar da shi."

"Na itace?"

"Na itace."

Ya rufe ido na ɗan lokaci. "Yaushe?"

"Cikin Janairu. Me ya faru?"

"Babu komai, Madam. Lissafin yana ɗora wa lantarki nauyi fiye da itace, shi ke nan. Gidan dutse, hita a kowane ɗaki, babu murhu." Ya ɗaga kafaɗa. "Kun yi masa kwalliya, kun cire masa abin da zai taimake shi."

"Hitocin sababbi ne fa. Su kaɗai ne ma muke da rasit ɗinsu."

"Na gani. Suna da kyau." Ya ɗauki tsaninsa. "Bari mu ga sama. In rufin yana da auduga mai kauri, wataƙila mu tsira da F. F tana shiga haya har yanzu. Ina ƙofar silin?"

Ghislaine ta kai shi farfajiya, ta ɗaga kai. Silin ɗin fari ne sumul daga wannan bango zuwa wancan.

"A nan take," in ji ta. "Ko can. An shafe ta."

"An shafe ta."

"Amma akwai audugar. Da idona na ga ana hawa da ita."

"Na yarda da ke. Sai dai ba a ba ni gurbin rubuta abin da kika gani ba. Ko in gani da idona in auna kaurinta, ko a ba ni rasit ɗin wanda ya shimfiɗa. In babu ko ɗaya, sai in ɗauka gidan yana nan yadda aka gina shi, kuma lokacin da aka gina wannan ba a sa komai."

"Gayya muka yi. Wa zai ba ka rasit ɗin gayya?"

"To sai ido."

Ta fita waje ta kira Fernand. Yana lambunsa, bai yi sauri ba. Ya iso da hularsa ta masu keke da sandarsa, ya dubi mai awon tun daga takalmi har gashi.

"Kai ne mai raba wa gidaje haruffa kamar 'yan aji ɗaya?"

"Ni ne, Baba."

"Ɗan wa ne kai?"

"Brunaud, daga wajen Bourganeuf."

"Brunaud mai garejin nan? Kakanka ya taɓa sayar mini da taya mai faci." Ya juya wurin Ghislaine. "Gigi, me yaron nan yake so?"

"Yana so ya ga saman silin."

"Ya gani mana. Ya hau rufi ya ɗaga tayil."

"Ba na hawa rufi, Baba. Inshorata ba ta kai can ba."

"Inshora!" Fernand ya buga sandarsa a ƙasa. "Ina da shekara goma sha huɗu nake yawo a kan rufin coci, inshorata ita ce tsoron ubana. Yanzu kana so in fasa aikina don ka leƙa?"

"Ni ba na son komai. In ba a buɗe ba in rubuta babu, in tafi. Akwai gida yana jirana a Pontarion."

Ghislaine ta jingina da bango. Ƙafafunta suna mata zugi tun safe, domin kafin ta zo nan sai da ta kai wata tsohuwa wankin ido ta dawo da ita.

"Baba Fernand," in ji ta, "ranar Alhamis wa zai kai ka awon jini?"

"Ke mana."

"Alhamis ta sama fa? Da ta samanta? Na gaji, Baba. Ba ni da wata likitar a aljihu. Wannan ce kaɗai ta amsa waya. Ka fasa."

Tsohon ya daɗe yana kallon silin ɗin. Sannan ya miƙa wa mai awon sandarsa ya riƙe, ya ce a ba shi tsani, kuma kada wanda ya taɓa masa ƙafa. Ya hau a hankali. Ya shafa silin ɗin da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ciro fensir daga bayan kunne ya zana murabba'i ba tare da ma'auni ba. Yannick ya ba shi ƙaramin zarto. Farar ƙura ta riƙa zubowa a kan sabon tayil, a kan hular Fernand, a kan gashin Ghislaine da ke riƙe da tsanin duk da an hana ta. Da allon ya saki, Fernand ya sauko da shi a hannu, gefunansa a miƙe kamar an yanka da inji.

"Ga shi nan. Hau ka ga aikin mutane."

Yannick ya hau da tocila, rabin jikinsa ya shige. Suka ji yana motsi, suka ga hasken yana yawo. Ya daɗe fiye da yadda Ghislaine ta so.

"Madam, ko za ki hau ki gani da kanki?"

Ta hau. Iska mai sanyi ta bugi fuskarta. Ta ɓangaren falo da kicin audugar tana nan, rawaya, mai kauri, an shimfiɗa ta da kyau har lungu. Daga tsakiyar gidan zuwa ɗakunan kwana kuwa babu komai sai katako tsirara da kashin ɓera. A bakin inda audugar ta tsaya akwai wuƙar yanka da safar hannu guda, an ajiye su kamar za a dawo bayan cin abinci.

Ta tuna Asabar ɗin. Audugar ta ƙare da rana, wani ya ce yana da saura a rumbunsa, wani ya ce a'a shi zai kawo, nasa ya fi kusa. Asabar ta gaba aka yi dusar ƙanƙara, mutane kaɗan suka zo, kuma a ranar ce Fernand ya rufe ƙofar. Ya tambaya ko an gama sama, aka ce masa ai tuni.

Ta sauko. Fernand ya dubi fuskarta, ya hau shi ma, ya leƙa, ya sauko.

"'Yan banza," in ji shi, ba da ƙarfi ba. Ya karɓi sandarsa ya zauna a kan matakalar ƙofar shiga.

Yannick ya zauna a teburin kicin ya shigar da abin da ya gani. Ghislaine ta zuba masa kofi daga fulas, ta yanka masa burodi da cuku, ya ci yana dannawa da hannu ɗaya. Da ya gama ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Jerin haruffan yana nan kamar matakala, kore a sama, ja a ƙasa, kibiya tana nuna na ƙasan.

"Babu yadda za a yi?" in ji ta. "Rabin ai akwai."

"Na sa rabin. Shi ya sa kuka matso kusa da F, amma ba ku kai ba."

"Yaro," in ji Fernand daga matakala, "wa zai hau ya duba bayanka? Ka rubuta duka mana. Asabar za mu ƙarasa."

"Baba, in na rubuta abin da babu, ranar da likitarku ta ga takardar kuɗin wuta ta kai ƙara, sunana ne a ƙasa, ba naka ba. Ku ƙarasa, ku bar ƙofar a buɗe, ku kira ni. In kun mayar da murhu ma ya fi, amma na zamani, kuma mai lasisi ya kafa shi ya ba ku takarda."

"Bututun na cika shi da siminti."

"Har sama?"

"Ni ba na rabin aiki."

Yannick ya sa rigunansa ɗaya bayan ɗaya. Ya duba wayarsa ya ce ba shi da gurbi sai bayan Ista da mako biyu ko uku, tun da dokar ta fara aiki kowa shi yake nema. Ya yi godiyar kofi, ya ɗaure tsaninsa, ya tafi Pontarion.

Ghislaine ta share ƙurar da ke farfajiya. Ta kai Fernand gida. Daga nan ta tsaya a gefen hanya, ba ta kashe mota ba, ta kira Limoges. Ta yi tunanin ta jira har a gyara, amma takardar awon dole ta bi yarjejeniyar haya, kuma likitar ta riga ta tambaye ta sau biyu.

Dakta Dobre ta saurara har ƙarshe. A bayanta ana jin ƙarar asibiti.

"Wato ɗakin da yarona zai kwana shi ne babu komai a samansa."

"Za a shimfiɗa ranar Asabar, Dakta. Wannan karon ni zan hau in duba."

"Madam Tixier, ke ce magajiyar gari, ke ce direba, yanzu kuma ke ce mai hawa silin?" Ta yi 'yar dariya, gajeriya. "Ban ce kun yi ƙarya ba. Na ga fentin a hoto, na san an yi wahala. Amma na riga na ba asibiti sanarwar barin aiki, gidan da nake ciki ma na ba da sanarwa. Bayan Ista ba ni da wurin kwana."

"Ki zo ki zauna haka nan, ba haya, har a sake awon. Ko ki sauka a gidana, akwai ɗakin 'yata."

"Kin san abin da na faɗa tun farko."

"Na sani."

"In an ƙarasa audugar, tabbas zai fito F?"

Ghislaine ta dubi gilashin motar. Ruwa ya fara yayyafi. "Ya ce wataƙila."

"Wataƙila." Aka kira sunan likitar daga nesa, ta amsa. "Ba zan ɓoye miki ba, akwai wani gari a yankin Corrèze da suka neme ni. Gidansu sabo ne, C ne. Ban so wurin ba, babu itatuwa, ga babbar hanya a gaba. Amma zan je in gani. Zan kira ki."

Ranar Asabar mutane suka fito, ba su kai na da ba. Audugar da aka ce tana rumbu ta jiƙe tun bara, sai da majalisa ta aika aka sayo sabuwa a Guéret, wannan karon da rasit. Ghislaine ta hau ta zauna a bakin ramin da tocila har aka kai lungun ƙarshe. Fernand bai hau ba. Ya zauna a tsakar gida yana fere katakon sabuwar ƙofa, ya ce in dai dole a gan ta to a ga mai kyau. Mafarauta sun aiko cewa a shirye suke su dawo da murhun, aka ce su riƙe abinsu. Mai lasisin da aka kira domin sabon murhu ya zo ya leƙa bututun, ya ce sai dai a huda bango a fitar da wani, kuma ba zai samu zuwa ba kafin watan Yuni.

Ghislaine ta ɗauki hoton saman silin daga kowace kusurwa ta aika wa Dakta Dobre. Wayar ta nuna an buɗe hotunan a ranar. Sakataren majalisa ya kira ofishin mai awo ya roƙi a sa su a gaba in wani ya fasa, aka ce an rubuta sunansu, akwai mutane a gabansu. Har zuwa ranar Juma'ar da ta biyo baya likitar ba ta kira ba, kuma garin na Corrèze bai sauke tallarsa ta neman likita ba, alamar su ma ba ta amsa musu ba tukuna.